Gwajin Wata Uku

A'a, tsaya, Gwaggon yara. Ajiye jakar nan tukuna. Daga saukowa kin fara yanke hukunci, kamar da alƙali kuka zauna kujera ɗaya a mota.

Na ji ki. Na ce na ji ki, kunnen hagu ne ya mutu, na dama yana nan da ransa. A hana Takwara zuwa asibiti, a je a gaya wa yaron an fasa auren, a ba Mai Kemis ita, kowa ya huta. Ba haka kika ce ba? Ni ma da a waya aka ba ni labarin, haka zan ce.

Amma tunda ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba, zauna ki ji yadda aka yi. Ba ɗan guntun da ƙaninki ya tsakuro miki ba.

Kin san ƙanin naki. Tun da ya fara sayar da firji na hannu ya daina ganin mutane, kowa firji ne a wurinsa. In an kawo masa wanda ya taɓa lalacewa aka gyara, ba ya saye nan take. Sai ya jona shi a lungun shago, ya ce a bar shi ya yi wata uku. In ya kai yana sanyi, ya saya. In ko ya yi tari sau ɗaya, mai shi ya zo ya ɗauki kayansa.

Shi dama tun farko bai so Dogo ba. Yaro maraya, mai gyaran keken ɗinki, shagonsa a ƙarƙashin matakalar bene, in zai miƙe sai ya sunkuya. Ga kuma Mai Kemis can bakin titi, shago ƙofa biyu, ga mota, ga tumbi. 'Yar ƙanin naki kuwa, jikata, takwarata, ta ce ita Dogo. Ba yarinya ba ce da za a ja da kunne, mace ce mai keken kanta da masu kawo mata ɗinki. Uban ya ce ba zai yi mata dole ba, amma ba zai yi sauri ba. Haka aka yi ta jan ƙafa, yau a ce gobe, gobe a ce ana shawara.

Ni kam ina son yaron. In ya shigo ɗakin nan gyaran keken Takwara, keken da ba abin da ya same shi, sai ya ce, “Ina amaryata? Ita waccan ai rakiya za ta yi miki.”

In ce, “Ka fara yin ƙiba tukuna. Ni ba na auren ƙarfen labule.”

Sai ciwo ya zo. Zazzaɓi da ciwon kai, aka ce na sauro ne, aka sha magani. Ba a jima ba ya faɗi a shago yana jijjiga, kumfa a baki. A asibiti suka ɗebi ruwa a ƙashin bayansa, suka ce ƙwayar cutar nan ce mai fito da ƙuraje a gefen leɓe in mutum ya yi zazzaɓi. Ki ji abin banza. Kowa yana yi, ya shafa mai ya wuce, shi kuma ta hau masa har ƙwaƙwalwa.

Ya daɗe ana yi masa ƙarin ruwa. Ya tashi. Ya rame kamar an wanke shi an shanya, yana ɗan mantuwa, amma da ƙafarsa ya fito.

Ranar da ya zo gaida ƙaninki ina zaune a falon. Takwara tana bayan labule, ina hango yatsun ƙafarta.

Ƙaninki ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “An ce a ka ne.”

“Eh, Baba. Amma sun ce an kashe ƙwayar.”

“Ni ban san ƙwaya ba. Na san abin da ya taɓa lalacewa aka gyara. Zan ba ka wata uku. In ka yi su lafiya, na ba ka ita, ba ni da magana biyu. In ko ka ƙara kwana a gadon asibiti, ko sau ɗaya ne, kada ka ƙara tako ƙofar nan.”

Na ce, “Kai, ɗan mutum ne fa, ba firji ba.”

Ya ce, “Inna, firji in ya lalace nama ne ke ruɓewa. Wannan kuwa 'yata ce.”

Dogo ya yi murmushi, ya ce, “Na yarda, Baba. A jona ni.”

Har dariya aka yi.

*

Watan farko lafiya lau. Yana zuwa, yana tsokanata, har ya fara cika riga.

Wata rana da hantsi ya shigo ba gaisuwa. Bai ce ina amaryata ba. Ya zauna gaban keken Takwara ya fara kwancewa.

Ta ce, “Lafiyarsa ƙalau fa, ina kan ɗinki ma.”

Bai kula ta ba. Ya zare allura, ya cire kwarkwaro, ya yi ta kwance noti yana jerawa a ƙasa. Da ya gama sai ya tsaya yana kallonsu. Yaron da ke haɗa keke yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi. Ya ɗauki wannan ya juya, ya ajiye. Ya ɗauki wancan ya shinshina. Sai ya fashe da dariya, doguwar dariya wadda ba daɗi a cikinta. Daga nan sai hawaye.

Ya ce, “Sun ƙi gaya min inda suke zama.”

Takwara ta yi wuf ta tattare ƙarafan a zani ta tura ƙarƙashin gado. “Gajiya ce, Kaka. Kwana biyu ba ya barci, aiki ya yi masa yawa.” Ta ja hannunsa suka fita.

Daga ranar bai ƙara zuwa ba. Aka ce ya samu aiki a wata masana'antar ɗinki a wani gari. Ƙaninki har yabawa ya yi, ya ce yaro ya fara hankali.

To amma a ɗakina Takwara take kwana. Ta fita da sassafe da kwanon abinci, wai shagon ƙawarta za ta tunda kekenta a kwance yake. Ta dawo da la'asar ba zare ko ɗaya a jikin zaninta. Ina kika taɓa ganin tela ta wuni a kan keke ta dawo fes? Ga rama, wuya duk ya fito. Wata rana tana wanke hannu na ga shatin haƙori a damtsenta.

“Wa ya cije ki?”

“Ɗan ƙawata ne.”

“Ɗan ƙawar taki da haƙoran ƙato aka haife shi?”

Ta juya min baya.

Sannan ga Mai Kemis. Mutumin da ya yi fushi ya daina gaishe mu, sai ga shi ya dawo, kullum yana shagon ƙaninki, ana hira har da tafawa. Ya kawo min man zafi na gwiwa kyauta. Na karɓa, gwiwa ba ruwanta da rigimarsu. Amma na ce a raina, mutumin nan yana taku kamar wanda aka raɗa wa wani abu.

Sai na bi ta.

Kada ki yi min wannan kallon, ƙafata ce. Ita tana gaba, ni ina baya da sanda, in ta waiga in tsaya ina taya tumatir. Ba shagon ƙawa ta nufa ba. Lungun su Dogo ta shiga.

Gidan haya ne, su ke da ɗaki biyu a can ƙurya, bayan famfo. Rediyo na ta kururuwa a ƙofar ɗakin uwarsa da safiyar Allah, ba mai saurare. Tagar ɗaya ɗakin kuma an toshe ta da bargo.

Na tura ƙofa.

*

Wari ne ya fara tarbata.

Dogo yana kan katifa a ƙasa, an ɗaure hannayensa da ɗankwali a ƙafar gado. Ido a buɗe, ba ya kallon kowa. Bakinsa na ta tauna, ba komai a ciki, leɓe duk ya fashe. Yatsunsa na murɗawa kamar yana kwance wani abu a iska. Takwara tana durƙushe a gefensa da cokali.

Cokalin ya faɗi.

“Kaka…”

Uwarsa ta shigo da gudu, ta mayar da ƙofa, ta jingina da ita.

Na ce, “Wannan ce masana'antar?”

Takwara ta rarrafo ta kama ƙafata. “Kaka, ki rufa mana asiri. Saura kaɗan. Wallahi saura kaɗan wata ukun ya cika.”

“Ya cika a yi me? A naɗe shi a katifa a kai wa ubanki?”

“Zai warke. Yana samun sauƙi. Jiya ya haɗiyi ruwa da kansa.”

Uwarsa ta ce, “Shi ya roƙe mu, Iya. Ranar da ya fara jin kansa ba daidai ba, a nan ya durƙusa ya riƙe ƙafata. Ya ce, Umma, kome zai faru kada ku kai ni asibiti, kwana ɗaya aka ce. Ya sa muka rantse masa, ni da ita.”

“Kuka rantse wa mutumin da kansa ya juya.”

“Shi kaɗai gare ni, Iya. Tun da ubansa ya rasu ban ga ya so wani abu a duniyar nan ba sai yarinyar nan. In an hana shi ita, ko ya warke me na warkar?”

Takwara tana kuka har da shessheƙa. “Ba ki ga idonsa ba ranar, Kaka. Ya ce, Tela, in kika bari aka kai ni, ke kika fasa, ba Baba ba. Ya ce ciwon kai ne kawai, zai wuce. Da farko rashin barci ne. Sai ya fara cewa ana magana a cikin bango. Sai ya fara duka. Sai ya daina magana gaba ɗaya. Kullum in ce gobe zan faɗa, in gobe ta yi in ce an riga an sha wahalar, a ƙarasa. Yaya zan yi? Ki gaya min yaya zan yi?”

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, irin na wanda ya saba. Uwarsa ta buɗe.

Mai Kemis ne, da 'yar jakarsa.

Ya gan ni, ya tsaya cak. Sai ya gyara fuska. “Ah, Iya. Ya gwiwa?”

“Tana gaishe ka. Kai ne likitan?”

“Taimako ne kawai, Iya. Ciwon da ya yi a baya ne ya ɗan dawo. Ina ba shi irin maganin wancan karon, na haɗiya, da allurar barci don kada maƙwabta su ji. Don Allah nake yi.”

“Allah sarki. Ka san sharaɗin da aka sa masa?”

“Na sani. Shi ya sa na rufa musu asiri.”

Ki duba fa. Ni ban ce ya yi da mugunta ba. Ban kuma ce bai yi ba. Mutum ne da in yaron ya je asibiti ya ci, in an ɓoye shi ya lalace ya ci. Irin wannan ko shi kansa ba lallai ya san abin da ke ransa ba.

Na ce a kira mota. Uwarsa ta ƙi matsawa daga bakin ƙofa. Takwara na roƙo in ba su ko mako ɗaya. Ana cikin haka Dogo ya sandare, bayansa ya lanƙwashe ya bar katifa, numfashi ya tsaya, leɓe ya yi baƙi.

Na dubi Mai Kemis. “Ga majinyacinka.”

Ya buɗe jakar. Ya rufe ta. Ya ce, “Gaskiya… a kai shi asibiti.”

A motarsa aka kai shi. Wannan kam a ba shi ladansa.

*

Likitar da ta duba shi wancan karon ce, wata 'yar siririya mai tabarau. Aka sake ɗiban ruwan baya, aka yi hoton kai. Da sakamako ya fito ta kira mu ofishinta, ni da uwarsa da Takwara.

Ta ce, “Ba ƙwayar ba ce ta dawo. Ta mutu tun wancan karon. Jikinsa ne. Lokacin da ƙwayar ta yi ɓarna a ƙwaƙwalwarsa, garkuwar jikinsa ta taso yaƙi. An gama yaƙin ba ta kwanta ba. Yanzu ƙwaƙwalwar take kai wa hari, ta ɗauka ita ce cutar. Yana faruwa da wasu bayan irin wancan ciwon. Shi ya sa na ce in kun ga ya canza ku dawo da shi.”

Na ce, “Wato masu gadi sun kori ɓarawo, sai suka juyo kan mai gida.”

“Haka ne, Iya.”

Uwarsa ta ce, “Akwai magani?”

“Akwai. Yana kuma aiki in an zo da wuri. Yaushe ya fara?”

Uwarsa ta dubi Takwara. Takwara ta dubi ƙasa.

“Yaushe ya fara?”

Takwara ta ce, “Ya haura wata.”

Likitar ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Aka shigar da shi ɗakin da ba a shiga da takalmi, bututu a maƙogwaro, na'ura na yi masa numfashi. Suka yi ta wanke masa jini, suka yi ta ɗura magungunan kwantar da masu gadin. Ta gilashi ake leƙensa.

Ƙaninki ni na je na gaya wa, a shago. Yana goge wani firji da tsumma. Ya ji ni har ƙarshe, sai ya zauna a kan kwali.

Ya ce, “Ni ban ce a ɓoye shi ba.”

“Ba ka ce ba.”

“'Yata nake karewa.”

“Na sani.”

“To me ya sa kike kallona haka?”

Na ce, “Ido ne, dole ya sauka a wani wuri.”

Da ya dawo gida na ɗauka zai rufe Takwara da faɗa. Ta durƙusa a gabansa tana jira. Sai kawai ya wuce ɗakinsa. Har yau ba su yi maganar ba. In sun haɗu a tsakar gida kowa sai ya hau neman takalminsa.

Wata ukun ya cika Dogo yana kwance da bututu. Ba wanda ya tuna a gidan nan.

Sai Mai Kemis. Ya aiko ƙanin ubansa, wai ya zo jaje, kuma a ji ko ana nan a kan maganar sharaɗin.

*

Bari in ƙarasa mana. Ai ban zo wurin ba.

Ya farka. Ba rana ɗaya ba. Da farko baki ya daina tauna. Sai ido ya fara bin mutum. Aka cire bututu, aka koya masa zama, aka koya masa tafiya yana dafa bango kamar ɗan yaye. Suka mayar da shi babban ɗaki, gadon kusa da taga.

Ya gane uwarsa. Ya gane Takwara. Ni ma da ya gan ni ya ce, “Amaryata, kin tsufa.”

Na ce, “Jiranka ne ya tsufar da ni.”

Muka yi ta godiya ga Allah. Uwarsa har da sujada a tsakanin gadaje.

Sai ya waiga. Ya ga gadajen, ya ga ƙarfen ƙarin ruwa, ya ga ma'aikaciyar jinya tana wucewa da tire. Fuskarsa ta canza. Ya damƙi hannun Takwara.

“Tela, asibiti ne nan?”

“Eh.”

“Na kwana?”

Ta sunkuyar da kai.

“Kada ki gaya wa Baba. Don Allah kada ki gaya masa. Tashi mu tafi kafin yamma. In ban kwana ba ai ba a ƙirga ba, ko? Ina takalmina?”

Na gaya wa ƙaninki yadda aka yi. Washegari ya sa manyan kayansa ya ce in raka shi.

Dogo na hango shi daga ƙofa ya ja zanin gado ya rufe kansa. Ƙato guda, ƙafafu a waje, don zanin bai kai ba.

Ƙaninki ya durƙusa a gefen gadon. Ɗan da na haifa, wanda ko ni sai ya ga dama yake durƙusa wa.

“Dogo, buɗe.”

“Ba ni ba ne, Baba.”

“Buɗe, ɗana. Na janye. Ba wata uku, ba komai. Na ba ka ita. Ga kakarta nan shaida, ga mahaifiyarka.”

Zanin ya sauko a hankali. Ido ɗaya, sannan biyu.

“Ko da na kwana, Baba?”

“Ko shekara ka yi.”

Ban taɓa ganin murna irin wannan ba, ni da na ga aure ya fi gashin kaina. Ya yi dariya, ya yi kuka, ya kama hannun ƙaninki ya ɗora a kansa. “Umma, kin ji? Tela, kin ji? An ba ni!” Tsohon da ke gadon kusa har tafi ya yi da hannunsa mai allura. Masu jinya suka taru ana ta barka.

Ƙaninki ya fita baranda ya wanke fuska, don kada a ga abin da kowa ya riga ya gani. Ya ɗan sha iska. Ya dawo.

Dogo ya ɗaga kai ya gan shi a ƙofa.

Ya ja zani ya rufe kansa.

“Tela! Baba ne! Wa ya gaya masa?”

*

Likitar ta ce wurin da ke ajiye sabon abu ne ya ƙone. Ciwon farko ya ci rabi, na biyu ya zauna ya cinye saura a ɗakin nan mai bargo a taga. Abin da ya shiga kansa a da yana nan daram. Sabo kuwa ba ya kwana, ba ya ma wuni. Ta ce zai iya ƙaruwa kaɗan, a hankali, zai kuma iya tsayawa a haka. Ta ce, “Ba zan yi muku alkawari ba.” Yanzu ma jijjigar da ke taso masa ce ta hana a sallame shi.

To kin ga inda aka tsaya. Sharaɗin ya shiga, ya samu wuri ya zauna. Yafiyar ta zo ta tarar an rufe ƙofa.

Ƙaninki ya yi ta komawa. Ya durƙusa, ya faɗa, a yi murna, ya fita, ya dawo a ɓuya masa. Tsohon gadon kusa ya daina tafi. Aka ɗauki muryar ƙaninki a waya ana kunna wa Dogo. In ya ji ya yi murna, in an kashe ta tafi da murnar. Yanzu ƙanin naki ya daina zuwa, jininsa ya hau. Ba ki ga yadda riga ta yi masa yawa ba? Wannan bai gaya miki a waya ba.

Shekaranjiya da la'asar Takwara ta dawo, ta zauna nan inda kike. Ta jawo zanin nan daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, tana kallon ƙarafan kekenta. Na ce ta kai wa wani ya haɗa, ta ƙi.

Ta ce, “Kaka, ni na kashe shi ko?”

“Bai mutu ba.”

“Kin san abin da nake nufi.”

Na ce, “Ku da yawa kuka taru. Kada ki kwashe duka, ki bar wa kowa rabonsa.”

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka.

“In na aure shi, kullum zai farka ya gan ni a ɗakinsa, ya ce in tashi in gudu kada Baba ya ji. In na haihu, kullum sai an gaya masa ɗan waye. In ban aure shi ba kuma, ni na rantse masa, ni na riƙe cokalin, sannan ni zan shiga motar mutumin da ya yi masa allura. Ta ina zan bi, Kaka?”

“Kina sonsa har yanzu?”

Ta ɗauki noti ɗaya tana juyawa.

“Ban sani ba. Wanda nake so yana ciki. Yana leƙowa, ya yi min wasa, ya ce ɗankwalina ya karkace, sai ya koma. Na gaji, Kaka. Wallahi na gaji. Wani lokaci ina hanya ina fatan mota ta lalace. Amma in na makara sai in tarar da shi tsaye a taga yana tambayar kowa ina Tela, ko Baba ne ya hana ta. In ya gan ni kuma kamar shekara ya yi bai gan ni ba. Ya ce, saura kwana nawa wata ukun? In ce saura kaɗan.”

Ban ce ta zauna ba, ban ce ta tafi ba. Na dai jawo kanta na ɗora a cinyata, har ƙafar ta mutu.

To ga shi, kin ji duka.

Ni ban ce Mai Kemis ba miji ba ne. Wata ma da gudu za ta shiga motar. Ban kuma ce jikata ta ƙare ƙuruciyarta a bakin gadon asibiti ba. In yau ta ce ba za ta ƙara zuwa ba, ni zan rufe mata ƙofa in ce ta kwanta, duk mai magana ya zo ya same ni.

Amma kin ce a je a gaya masa an fasa, a huta. Wa zai je? Ƙaninki albishir ma ya kasa jure kaiwa. Uwarsa ba za ta iya ba. Ni kuma gwiwa. Ke ce mai ƙarfin zuciya a gidan nan, tun kina ƙarama.

To tashi ki je. Hawa na biyu, gadon kusa da taga, za ki gan shi a tsaye. Ki ce masa Tela ba za ta ƙara zuwa ba, an ba wani. Ki tsaya ki kalli fuskarsa har ki gama. Sannan ki fita baranda ki sha iska. In kin dawo zai tambaye ki ina Tela, sai ki sake gaya masa. Gobe ma haka, jibi ma haka, kullum sabo zai ji shi.

Ki dai aika a gaya wa mijinki ya turo miki sauran kayanki, don kin zo ke nan.